Duwatsun da Na Jera a Gindin Tudu

Sati uku na yi a Niyok kafin in gane cewa Alhaji Ɗan Tawa ba shi da wani aikin da zai ba ni. Shi ne wanda aka haɗa ni da shi tun daga Arlit, aka ce duk ɗan Nijar da ya sauka Amirka hannunsa yake faɗawa. Na faɗa kuwa. Kullum da safe sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Isuhu, sai hanƙuri, ina bisa magana da mutane." Mutanen nan har yau ban ga ko ɗaya ba. Abin da ya sayar mini a ƙarshe shi ne katin aikin wani Musa da ya koma gida, da adireshin wani otel a jihar Bajiniya, ya ce ɗan uwanmu ne ke riƙe da madafar, mai wanke kwanoni suke nema. Bizata ta baƙunci ce, kuma ta kusa ƙarewa, saboda haka na karɓa har da godiya.

Ni mutumin Damagaram ne, amma shekara goma sha ɗaya na yi a Arlit ina kula da lambunan siti, unguwar manyan kamfanin yuraniyum. Da kasuwar ta karye aka shiga sallamar ma'aikata, Turawa suka riƙa ɗaure kaya gida bayan gida, ciyawar da na sha wahalar rayawa ta bushe a gabana. Injiniyan da na yi wa aiki na ƙarshe ya bar mini takardar gayyata kafin ya tafi. Na bar matata Rabi da yara uku a unguwar Bukoki, cikin ɗakin gwangwani, maƙwabtanmu Buzayen da fari ya kashe wa dabbobi suka dawo bakin gari. Tawaye ya riga ya fara, mota ba ta bin hanyar Agadas sai da rakiyar soji.

Na sauka garin da Alhaji ya rubuta mini da hantsi, na yi ta nuna takarda ana nuna mini hanya har na iso. Otel ɗin yana nan, ba ƙarya ya yi ba. Sai dai an kafe ƙofarsa da katako, ciyawa ta fito ta tsagin matakala. Na zauna a kan matakalar na rungume jakata. Ban yi kuka ba, amma da akwai wanda zan yi wa da na yi.

A tsallaken titi wasu mutane uku suna gyaran furannin wani gida. Wani saurayi ya kama almakashi yana datse wardi kamar mai aske tunkiya. Da yunwata da komai, na kasa jurewa. Na tsallaka na miƙa hannu, shi kuma don mamaki ya ba ni almakashin, na nuna masa inda ake yankewa, sama da ido, a karkace. Shugabansu, wani farin dattijo mai jan wuya da ake kira Mista Del, ya tsaya yana kallona har na gama bishiya biyu. Ingilishina a lokacin na gaisuwa ne da sayen burodi, amma mun fahimci juna. Ya karɓi katin, ya dubi hoton, ya dubi fuskata. Musan da ke jiki kumatu gare shi, ni kuwa sai ƙashi.

"Musa, ka rame," in ji shi.

"Na rame," na ce.

Ya miƙo mini katin. "Ka yi aikinka. Abu ɗaya nake so, kar ka sa kowa ya tambaye ni ko kai wane ne. Ranar da aka tambaya, ni da kai mun rabu."

Ya samo mini ɗaki a saman wani shagon tayoyi. Daga ranar na koyi tafiya a gefen bango.

Da kaka ta shigo, ganye ya fara zuba, aka ɗauki tawagarmu aikin kwashe shi a wani gida da ke kan tudu bayan gari. Gidan wani tsohon shugaban ƙasarsu ne, cikin na farko-farko, ya mutu tun zamanin kakannin kakanni, yanzu mutane ke zuwa kallo mota-mota. An sare kan tudun an daidaita shi, sannan aka ɗora gidan: jan bulo, fararen ginshiƙai, da 'yar ƙubba a sama. Hanyoyi sun zagaye tudun hawa-hawa kamar naɗin gammo, yadda doki zai hau ba tare da ya ji tsayi ba. A bayan gidan akwai fili mai koriyar ciyawa, wata siririyar hanya ta kewaye shi tana lanƙwasa, furanni dama da hagu. Daga gefunan gidan dogayen dakali biyu sun miƙe, mai gida yana yawo a kai yana shan iska. Sai da na sauka ƙasa na ga abin da ke ƙarƙashinsu: madafa, ɗakin ajiya, wurin wanki, bargar dawaki. Wanda ke tsaye a kan ciyawa ba zai ga ko hayaƙin tukunya ba. Ban buƙaci a yi mini bayani ba, don a siti ma ɗakin boyi a bayan gida yake, jikin katanga.

Ta kudu aka yanki gefen tudun aka yi lambun kayan miya, dogo sosai, miƙe sak, an tare shi da katangar dutse. A tsakiyarsa akwai ɗan ɗakin bulo mai tagogi ta kowane gefe, wai nan mai gidan yake zama yana kallon shukarsa. Ƙasa da nan itatuwan tuffa ne da inabi suka gangara. Na tsaya a lambun nan na yi sha'awa, ba zan ɓoye ba, wanda ya tsara shi ya san inda rana ke faɗuwa. Masu zagayawa da baƙi sukan ce mutumin ya rubuta komai, ranar da ya shuka wake da ranar da ya tsiro. Ni kuwa in ce a raina, shi ya shuka? Shekara goma sha ɗaya matan siti suna nuna wa baƙinsu tumatirin da suka noma, ni ina gefe da fartanya.

Tsakanin gidan da lambun akwai wata miƙaƙƙiyar hanya mai jerin itatuwa. Nan bayinsa suka zauna, nan maƙera da masassaƙa suke. Ba abin da ya rage sai tushen gini da wani bututun hayaƙi da ya tsaya shi kaɗai. In ka bi hanyar zuwa ƙarshe ka gangara kaɗan, sai maƙabartar iyalin: shingen ƙarfe mai tsayi, ƙofa da kwaɗo, kowane kabari da sassaƙaƙƙen dutse da suna, na mai gidan ya fi kowanne tsawo. Na kalla na ce to, haka kabari yake a ƙasar nan.

Aikin bai dame ni ba. Manjagara da buhu da buruwet, wato baron tura kaya, wa zai koya mini? Shirun ne ya dame ni. Sai in yi kwana goma ban furta kalmar Hausa ba sai in na yi tuntuɓe. Abokan aikina mutanen kirki ne, sukan miƙo mini kofi, amma Musa suke miƙa wa, ni kuma sau da yawa sai an kira sau biyu nake juyowa. Ran Juma'a ina jin lokacin huɗuba a jikina, ina cikin ganye har gwiwa. Na yi kewar abubuwan da ban taɓa zaton ana kewa ba, har da ƙarar jiniyar canjin ma'aikata da ke hana mu barcin rana.

Wasiƙar Rabi ta farko wata biyu ta yi a hanya. Bulus ne ya rubuta mata, wani tela Kirista ɗan Maraɗi da ke maƙwabtaka da mu, na san rubutunsa mai kwanciya gefe guda. "Muna lafiya lau," in ji ta. "An ƙara sallamar mutane. Kamiyon da ke kawo kaya ba ya shigowa sai ranar da soji suka ga dama, hatsi ya yi wuya. Abin da kake aikowa shi muke ci, har da gidan maƙwabcinmu Agali ina ɗiba musu. Don Allah, Malam, ka riƙe aikin nan hannu bibbiyu." A ƙasa Bulus ya ƙara nasa layi, ya ce suna sa ni a addu'a a majami'arsu. Na karanta har takardar ta yage a ninki.

Damuwata a kan tudun ita ce azahar da la'asar. Ranar farko na yi a bayan katangar lambu, ina sallamewa na ga wata mata ta saita ni da abin ɗaukar hoto. Mista Del ya ja ni gefe ya ce, "Ba na hana ka, Musa, amma ba a gaban baƙi ba." Sai na shiga nema. A gindin tudun, kusa da inda baƙi ke ajiye motoci, na samu wani ɗan kurmi da aka bari ba a taɓa ba. Itatuwa ne dogaye, ganye ya rufe ƙasa, ba hanya, ba allo, ba mai shiga. Nan da can duwatsu ne 'yan madaidaita sun leƙo daga cikin ganyen.

Duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit ya san abin da matafiyi ke yi in ya samu duwatsu a wurin da babu masallaci. Yakan jera su a layi ta gabas, ya ɗan lanƙwasa tsakiya wurin liman, shi ke nan wuri ya zama masallaci, wanda ya zo bayansa ya samu. Agali, maƙwabcina da ke gadi a siti, shi ya koya mini, ya ce ladan yana gudana ko ka manta inda ka yi. Na tuɓe rigar sanyi na shiga aiki. Wasu duwatsun sun nutse a ƙasa sai da na sa ƙotar manjagara na ɓanɓare su. Ɗaya kuwa a sama yake kawai, ja ne mai farin zane a tsakiya, sumul kamar ana wanke shi. Shi na sa a wurin liman don ya fi kyau. Goma sha ɗaya na jera. Da na tayar da kabbara a wurin ranar nan, zuciyata ta kwanta karo na farko tun da na sauka ƙasar. Kusan sati shida ina salla a nan, ina cin abincina a nan, wani lokaci in yi ta ba itatuwa labarin Bukoki da Hausa.

Wata Asabar na gangaro da la'asar na tarar da mutum a kurmin. Wata baƙar tsohuwa ce da sanda da hular zuwa coci, ta riƙe furanni a takarda. Tana ta juyawa wuri ɗaya, tana tona ganye da sandar. Da ta gan ni da kayan aiki sai ta yafito ni.

"Ɗana, a nan kake aiki? Sunana Misis Hati. Akwai wani jan dutse mai farin zane a gindin itacen nan. Idona ba ya gani sosai yanzu, taimaka mini."

Kafin in buɗe baki ta hango layin. Ta taka a hankali har gabansa, ta tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Mene ne, Mama?" na ce.

"Kaburbura ne nan. Mutanenmu ne, waɗanda suka sare tudun can suka gina gidan. Ba a rubuta musu suna ba, dutse kawai aka sa musu a kai." Ta nuna jan da sandarta. "Wannan na kakar kakata ne. Kakata ta kawo ni ina 'yar shekara bakwai ta nuna mini. Duk shekara nakan zo in ɗaga shi in wanke in mayar. Wane mugu ne zai kwashe wa matattu duwatsu ya yi wasa da su?"

A raina na ga fuskar Mista Del, na ga rubutun Bulus.

"Ban sani ba, Mama," na ce.

Ta ce za ta je ofis ta faɗa, kuma za ta dawo Asabar mai zuwa. Ta tafi da furanninta a hannu. Ni da na yi wa tsohuwa ƙarya da alwala a jikina, ranar ban san yadda na yi la'asar ba.

Ran Litinin aka kwana ana ruwa. Da hutun rana na ɗauki manjagara na share kurmin tas, sai ga su sun fito: ƙasa ta lotsa wuri-wuri, dogaye da gajeru, ruwa ya kwanta a ciki. Gajerun sun fi yawa. Daga yamma zuwa gabas suka miƙe, ba kudu da arewa irin namu ba, amma da na share ganyen tun farko ko makaho ya gane. Ban share ba, don na riga na yanke cewa kabarin Amirka sai da shingen ƙarfe. Sati shida goshina yana sauka a kan ƙirjin wani.

Mista Del ya same ni a wurin. Ya dubi ramukan, ya dubi layin duwatsun, ya dubi gabas. Ba wawa ba ne.

"An tambaye ni a ofis," ya ce. "Na ce mutanena ganye suke kwashewa. In duwatsun nan suka koma inda suke kafin Asabar, za a ce yara ne, magana ta mutu. Ka gane?"

Na ce na gane.

Dutsen da ya shekara ɗari a wuri ɗaya yakan bar gurbinsa, mai lambu ya san wannan. Na bi gurabun ɗaya bayan ɗaya ina kwashe ruɓaɓɓen ganye da yatsa, in ɗauko dutse in gwada, in juya shi, har ya zauna daram kamar murfi a bakin tukunya. Kwana uku na yi ina wannan a lokacin cin abinci. Goma suka koma, kuma zan iya dafa Alƙur'ani a kan kowanne.

Jan ne ya gagara. Tun da duk shekara ana ɗaga shi, bai yi gurbi ba, 'yar alamar da ya bari kuma ruwa ya shafe. A gindin itacen da ta nuna kaburbura biyu ne kafaɗa da kafaɗa, tsawonsu ɗaya, duka babu dutse. Na rufe ido na yi ta ƙoƙarin tuna ranar da na sunkuya na ɗauke shi. Na tuna saiwar itacen, na tuna sanyin dutsen a tafina, amma dama ko hagu, Allah bai ba ni ba. Sau biyu ina ajiye shi a na dama in tafi, in kai bakin kurmi in dawo in ɗauke. Ba wanda zai sani. Tsohuwar da kanta ba za ta sani ba, za ta zo ta wanke shi ta ajiye furanni ta tafi da farin ciki, Rabi da yara su ci gaba da cin tuwo. Na faɗa wa kaina wannan ya fi sau ɗari, kuma ban ga inda lissafin ya karkace ba. Hannuna ne kawai ya ƙi.

Ran Asabar ta zo da sababbin furanni. Ta tarar da ni tsaye da dutsen a hannu. Ta dubi sauran da suka koma wurarensu, fuskarta ta saki.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai ka gyara?"

"Ni na gyara, Mama. Ni ne kuma na kwashe su."

Na faɗa mata da guntun Ingilishina, da hannu, da nuna gabas. Na ce a ƙasarmu haka matafiyi ke yin wurin salla, ban san akwai mutane a ƙasa ba. Na ce ranar nan tsoro ne ya sa na yi mata ƙarya. Sannan na nuna mata ramukan biyu na ce ban san wanne ne nata ba.

Ta matso ta tsaya a kansu. Ta dubi na dama, ta dubi na hagu, ta ja da baya ta auna daga jikin itacen da sandarta, ta sake matsowa.

"Shekara sittin da wani abu ina zuwa," ta ce. "Ban taɓa duban ƙasar ba. Dutsen nake duba."

"Ki yi haƙuri, Mama. Ki yafe mini."

"Da ka ajiye shi ko'ina, da ban sani ba."

"Haka ne."

"To, kar ka ba ni haƙuri. Ni ba ka ɗauke mini komai a kai ba. Ita za ka ba."

Na juya zan yi, sai na tsaya, don ban san inda zan fuskanta ba. Na durƙusa a gaban na dama na roƙi gafara da Hausa, na matsa na hagu na maimaita. Ita kuma ta warware takardar, ta raba furannin gida biyu, ta ƙirga don kar wani ya fi wani, ta miƙo mini in ajiye saboda gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta ce dole ta gaya wa ofis gaskiya, don a rubuta cewa ba a san wurin dutsen ba, kar wani ya zo gaba ya ɗauka an sani. Na ce gaskiyarta.

Da yamma Mista Del ya sauke ni a ƙofar shagon tayoyi, bai kashe mota ba. Ya ce kar in fito ran Litinin. Ya ce maganar kati ba za ta fita daga bakinsa ba, ya rubuta mini sunan wani mai gonar tuffa can cikin duwatsu, ya cire safar hannunsa ta aiki ya ba ni, don sanyi na tafe. Wata biyu da rabi na yi kafin in sake samun abin aikawa gida. Abin da Rabi da yara suka ci a watannin nan ba ta taɓa gaya mini ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Kafin mu rabu a kurmin, na tambayi Misis Hati inda zan sa dutsen. Ta nuna 'yar tazarar da ke tsakanin kaburburan biyu, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Na goge shi da rigata na ajiye. Iyakar sanina har yau yana nan, a kan ƙasar da babu kowa a ƙarƙashinta.